Gishirin Da Ke Hannunmu Da Ƙwaƙwalwar 'Ya'yanmu

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa a taron ƙungiya, Gwada)

  

An ba mu dama mu yi magana a kan lafiyar iyali. To, mu dai ba likitoci ba ne, fatauci muka gada, a kansa kuma muka tsufa. Amma akwai wani al'amari na lafiya wanda maganinsa ba a hannun likita yake fara sauka ba, a hannunmu yake sauka, a shagunanmu yake kwana, da mudunmu ake auna shi. Wannan abu kuwa shi ne gishiri. Abin da muke so mu nuna muku yau shi ne yadda gishirin da muke sayarwa a nan Gwada yake da hannu a kaifin basirar yaron da ba a ma haifa ba tukuna. Sai dai kafin mu kai can, dole mu bi ta cikin jikin ɗan Adam, don kada magana ta zo muku a dunƙule.

'Yan aiken da ke cikin jini

Kowa a nan ya san yadda kasuwar doya take tafiya. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai 'yan dako, akwai direba, akwai kuma yaran da ake aika su da saƙo daga wannan rumfa zuwa waccan. In saƙo bai isa ba, ko ya isa a makare, sai mota ta kwana babu lodi. To haka jikin mutum yake. Allah Ya sanya wasu 'yan ƙananan tsokoki a wurare daban-daban na jiki, aikinsu shi ne su haɗa wani sinadari su zuba shi kai tsaye cikin jini, jini kuma ya kai shi inda ake bukata. Wannan sinadari likitoci suna ce masa homon. Mu ce masa ɗan aike, domin aikinsa ke nan: ya gaya wa ƙashi ya yi tsawo, ya gaya wa zuciya ta ƙara sauri, ya gaya wa nono ya kawo ruwa.

Babba a cikinsu tana can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ana ce mata fituwitari. Ita ce kamar sarkin kasuwa, domin da yawa daga cikin sauran ita ke ba su umarni. Akwai biyu da ke zaune a kan ƙoda, kowace ƙoda da tata, su ne ke sa gaban mutum ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku in ya tsorata, don ya samu ƙarfin gudu ko kare kai. Akwai wata doguwa da ke kwance bayan tumbi, ita ke yin insulin mai daidaita sukari a jini. In ta gaza, shi ne ciwon sukari. A shekarar 1921 ne wasu masu bincike biyu, Banting da Best, suka tace wannan insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, daga nan aka fara yi wa masu ciwon allurarsa. Sai kuma maraina ga namiji da ƙwayayen haihuwa ga mace, su ne ke kawo balaga: gemu da buɗewar murya ga wannan, al'ada da cikar ƙirji ga waccan.

Amma wadda ta tara mu yau tana gaban wuya, ƙasa kaɗan da ƙashin maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukansa. Sunanta tayirod. Ɗan aiken da take yi shi ke tsara saurin aikin jiki baki ɗaya, watau yadda abinci ke zama ƙarfi, da ɗumin jiki, da girman yaro, da ginin ƙwaƙwalwa. Kuma ba ta iya yin sa sai da wani abu guda, shi ne aidin. Jiki ba ya yin aidin da kansa, sai an ci shi a abinci.

Daga ina maƙoƙo yake fitowa?

Duk wanda ya kai shekarunmu ya san maƙoƙo. A da, in ka shiga kasuwannin ƙauye, da wuya ka fita ba ka ga mace da wuyanta a kumbure ba, wata kamar ƙwai, wata kamar ƙaramar ƙwarya. An sha ɗora laifin a kan ruwan rijiya, ko gado, ko sammu, ko bakin kishiya. Ga yadda abin yake. In aidin ya yi ƙaranci, tayirod ba ta iya fitar da abin da ake bukata. Sai sarkin kasuwa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya ga kaya ba su zuwa, ya yi ta aiko mata da saƙo: ƙara ƙoƙari, ƙara ƙoƙari. Ita kuma sai ta yi ta ƙara girma don ta kama ɗan abin da ke wucewa a jini. Kamar tela ne da ba shi da yadi, ana ta matsa masa, shi kuma yana ta ƙaro kekuna a shago. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Me ya sa aidin yake ƙaranci a wasu ƙasashe? Mafi yawansa a teku yake. Wani Bafaranshe mai suna Courtois ne ya fara gano shi a 1811, a cikin tokar ciyawar teku. Ƙasar da take nesa da teku, musamman mai tuddai da duwatsu inda ruwan sama ke wanke ƙasa kowace damina, aidin ɗinta kan zurare ya bi rafi. In ƙasa ba ta da shi, doya da dawa da masarar da aka noma a kanta ba za su samu isasshe ba. Kifin da ake kamawa a kogin Kaduna da madatsar Shiroro abinci ne mai kyau, amma kifin ruwan daɗi bai kai na teku yawan aidin ba.

Akwai kuma abincin da ke tare wa aidin hanya in dama ya yi ƙaranci. Na farko shi ne rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi ya tsimu sosai ba, ko garin da ba a matse aka soya da kyau ba. Ko geron da muke fura da kunu da shi, binciken da aka yi a yankin Darfur na ƙasar Sudan ya nuna yana ƙara maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci kuma gero ne abincin safe da rana da dare. Ba cewa muke a bar gero ko rogo ba. A sarrafa rogo yadda ya kamata, a tabbatar aidin ya wadata, shi ke nan.

Abin da ba a gani a wuya

Jama'a, maƙoƙo shi ne ɗan abin da ido ke gani. Babbar ɓarnar tana cikin mahaifa, inda babu mai gani.

Waɗanda suka zauna gaban malam sun san a farkon Suratul Muminuna an ambaci matakan halittar ɗan Adam a ciki, daga ɗigon ruwa zuwa gudan jini, zuwa tsoka, zuwa ƙashi da naman da ke rufe shi. Likitoci sun bi waɗannan kwanaki da na'ura sun ƙirga. Ciki yana ɗaukar kimanin mako 40 in aka lissafa daga al'adar ƙarshe. Cikin kwana 28 na farko bayan shigarsa, an riga an shata bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, zuciya ma ta fara bugawa. Lokacin nan mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. In ciki ya kai mako 12, tsawon ɗan tayi bai wuce ɗan yatsa ba, amma yana da hannu da ƙafa da yatsu.

Duk wannan aiki 'yan aike ne ke tafiyar da shi. Da ciki ya shiga, akwai homon da yake fitarwa, shi ne abin da ɗan tsinken gwajin fitsari yake nunawa. Akwai wanda ke riƙe mahaifa kada ta motsa ta zubar da abin da ke ciki. Mabiyiya kanta, wadda ake binnewa bayan haihuwa, tana yin homon iri-iri tsawon watannin nan, ban da kai wa yaro abinci ta cibiya. In lokaci ya yi, wani ya zo ya tada naƙuda, wani kuma ya kawo ruwan nono.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa daidai sai da homon ɗin tayirod. Tayirod ɗinsa kuwa ba ta fara kama aidin sai wajen mako 10 zuwa 12, kuma ba ta yin aiki mai ƙwari sai ciki ya kusa rabi, wajen mako 18 zuwa 20. Kafin nan da na uwarsa yake amfani. Bayan nan ma aidin ɗin da zai yi nasa da shi daga jininta yake zuwa, in an haife shi kuma daga nononta. Watau mace mai ciki tana ciyar da wuya biyu ne, nata da na ɗanta. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250.

In ƙarancin ya yi tsanani, ana samun yawan ɓari, da haihuwar ɗa ba rai, da yaron da zai tashi wada, kurma, bebe, mai taɓin ƙwaƙwalwa. In bai yi tsanani ba, yaro zai fito da kyansa, a yi suna, a yanka rago, ba wanda ya ga komai. Sai an kai shi makarantar allo ko ta boko a ga 'yan'uwansa sun wanke allo sau uku shi yana kan na farko. A ce masa daƙiƙi, a yi ta bulala, alhali an rage masa mudu tun yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙarancin aidin a sahun gaba cikin abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwar yara waɗanda ake iya kauce musu. Kuma abin da ya ɓaci a ciki ba ya gyaruwa duka daga baya. Tun ran gini tun ran zane.

Yanzu ku dubi al'adarmu. Yarinya mai cikin fari kunya take ji, ba ta faɗa ko ga uwarta. Babbar mace ma takan ɓoye don tsoron baki. Da yawa ba su zuwa awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Ke nan watannin da yaro ya fi dogara da uwarsa sun wuce kafin ma'aikaciyar asibiti ta sa ta a ido. Wane ne ke shiga gidan a waɗannan watanni ba tare da sallama ba, ba tare da an ji kunyarsa ba? Gishirin miya. Shi ya sa muka ce maganin a hannunmu yake.

Yadda aka sa aidin a gishiri

Kakanninmu sun yi fataucin gishiri tun kafin zuwan Turawa. Ayarin raƙuma na ɗauko kantu da beza daga Bilma, su biyo ta Agadas su sauka Kano. Akwai mangul daga ƙasar Manga, akwai na Foga, akwai na Awe da Keana da ke jihar Nasarawa ta yanzu. Gishiri ne mai daraja da tarihi, amma ba a zuba masa aidin ba.

Dabarar zuba aidin a gishiri ta fara ne a ƙasar Suwizalan a 1922, sai jihar Mishigan ta Amurka a 1924, wuraren da maƙoƙo ya addabe su, kuma cikin 'yan shekaru aka ga ya ja baya. An zaɓi gishiri ne domin kowa na cin sa, mai kuɗi da talaka, kullum, kuma kusan gwargwado ɗaya. A 1990 shugabannin ƙasashe suka yi taro a kan yara a birnin New York, suka ɗauki alkawarin kawar da wannan cuta. A nan Nijeriya, binciken da aka yi a 1993 ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo. A wannan shekarar aka wajabta sa aidin a duk gishirin da mutane za su ci, a shekarar kuma aka kafa hukumar NAFDAC. Abin ya zo da sauƙi domin mafi yawan gishirinmu ta tashar jiragen ruwa ta Legas da Fatakwal yake shigowa, a hannun 'yan kamfanoni ƙalilan. Zuwa 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cimma wannan buri, lokacin marigayiya Dora Akunyili tana shugabancin NAFDAC. Shi ya sa matasan yau da yawa ba su taɓa ganin irin maƙoƙon da muka gani muna yara ba.

Mu yi lissafi irin namu. Ƙa'idar da aka kafa ita ce miligiram 50 na aidin a kowane kilo ɗaya a kamfani, 30 a hannun mai sayarwa, 15 a cikin gida. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da giram 2 da rabi kacal. Abin da mutum ke bukata kuwa, in ka tara na shekara 70, bai kai giram 4 ba, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma ba a shan sa lokaci ɗaya a huta, sai kaɗan-kaɗan, kullum. Ku lura kuma da yadda ƙa'idar ke sauka daga 50 zuwa 15. Ma'anarta an san aidin yana gudu a hanya. Danshi, zafin rana, da barin gishiri a buɗe, su ke korar sa. Tsakanin kamfani da tukunya kuwa wa yake tsaye? Mu ne.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Na farko, ga masu sari. A sayo gishirin da aka rubuta a jikinsa cewa yana da aidin, mai lambar NAFDAC. Gishirin dabbobi da na masu jima da rini yana da araha, amma ba na miya ba ne, kada a zuba shi a mudu a sayar wa mata. Ribar da ke tsakani ba ta kai basirar yaro guda ba, kuma tauye awo ne ta wata hanya, ko da mudun ya cika ya tumbatsa.

Na biyu, ajiya. Kada buhu ya kwana a kan siminti ko ƙasa, a ɗora shi a kan katako. Kada ya jiƙe da damina. Kada a tsiba shi a faranti a bar shi cikin rana daga safe zuwa la'asar. In za a ƙulla, a ƙulla a leda a ɗaure baki, a ajiye a inuwa. A fara sayar da tsohon kaya kafin sabo. Jami'an lafiya suna da wani ruwan gwaji, in an ɗiga a gishiri mai aidin sai ya koma shuɗi ko ruwan makuba. In sun zo kasuwa mu ba su haɗin kai, mu ma nemi su gwada mana.

Mu tuna ba Hausawa kaɗai ke saye a wurinmu ba. Mun taso daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, muka sauka a ƙasar Gbagyi, suka karɓe mu, muna sayen doyarsu suna sayen kayan miyarmu. Matar da ta sauke kayanta daga kafaɗa ta sayi ƙullin gishiri ta koma ƙauye, amana ta ba mu, ita da abin da ke cikinta. Baƙon da ya san darajar masauki ba ya ba mai gida abin da ba zai ci ba.

Na uku, ga iyayenmu mata. A zuba gishiri a gwangwani ko roba mai murfi, nesa da murhu. A sa shi a miya in ta kusa sauka. Mai ciki da mai goyo, in da hali, a riƙa haɗa musu da kifin teku, ko na ƙanƙara ko na gwangwani, da ƙwai da nono. Mu maza kuma kada mu ce cefane ya yi yawa.

Sai dai a yi hattara, kada wani ya koma gida ya ce an ce a ƙara gishiri. Ba a ce ba. Yawan gishiri na kawo hawan jini, kuma abin da aka shawarta wa babba shi ne kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Mai kyau ake nema, ba mai yawa ba. Haka kuma kanwa ba ta maye gurbinsa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna yawan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama mai jego. Aidin ɗin da ake shafa wa rauni kuma ba na sha ba ne, guba ne in an sha.

Na huɗu, asibiti. Da mace ta yi ɓatan wata, a bar ta ta fara awo, ko a ɗakin shan magani na nan gari, ko babban asibitin Kuta, ko na Minna. Kunya ado ce, amma ba a gaban ma'aikaciyar lafiya ba. Wanda kuma ya ga kumburi a wuyansa, kada a kai shi ga wanzami a yi tsaga ko sakiya, domin wurin cike yake da jijiyoyin jini. Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani tayirod ɗin ce ke aiki fiye da kima, sai mutum ya yi ta rama yana ci, hannu na rawa, zuciya na bugawa, gumi ba dalili, ido ya firfito. Wannan ba gishiri ne maganinsa ba, sai gwajin jini da likita. Jaririn da aka ga shawara ta daɗe a jikinsa, ga yawan barci, ba ya kama nono da ƙarfi, ba ya kashi a kan kari, harshe ya yi kauri, kuka a dishe, a gaggauta kai shi. In tayirod ce ta gaza kuma aka gano cikin makonnin farko, ƙwayar magani ƙarama ake ba shi kullum ya tashi kamar kowa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya da su gayyato jami'an lafiya na ƙaramar hukumar Shiroro su zo da ruwan gwajin nan, a zagaya shagunanmu ɗaya bayan ɗaya, a fara da na masu wannan magana. Malamanmu na Islamiyya kuma su isar da saƙon a ajin matan aure, domin akwai abin da mace ke ji daga bakin 'yar'uwarta wanda ba za ta ji daga namu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba su basira da albarka, Ya sa wa kasuwarmu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.